Sunan da Bawa Sanƙira Ya Tsallake

Bawa taubashina ne, ɗan wan mahaifiyata, don haka ina da izinin faɗin abin da wasu ke jin nauyin faɗi a kansa. Tun yana yaro bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. In an aike shi sayen gishiri, kafin ya dawo rabin gari ya san miyar da za a yi a gidansu. Ba laifinsa ba ne kaɗai. Gidansu gidan sanƙira ne, masu shelar gari, kuma a ƙauyenmu da ke bayan dutse kusa da Tama babu suna, babu ɗaurin aure, babu jana'iza da ake yi ba tare da muryar wani daga gidan nan ta fara zagaya gari ba.

Aikin yana da ƙa'ida ɗaya da ba a wasa da ita. Sanƙira ba ya cewa jama'a su fito, ya yi shiru. Gida-gida yake kira, da sunan mai gida. Wanda aka kira, zuwa ya zama masa dole ko da zazzaɓi yake yi. Wanda aka tsallake kuwa, an zage shi ne a gaban kowa. Kawuna, uban Bawa, ya taɓa tsallake wani mahauci a shelar suna, ba da gangan ba, tari ne ya sarƙe shi daidai wurin. Mutumin nan bai sake amsa sallamarsa ba har shi mahaucin ya bar duniya, kuma 'ya'yansa ba su zo gaisuwar mutuwar kawu ba. Da wannan labari aka raini Bawa, shi ma da shi yake tsorata kansa.

Lokacin da ya gaji aikin, garin ya riga ya fara zama na mata da tsofaffi. Da an kai gero rumbu, samari sai su ɗaure jaka su tafi biɗa, wato ci-rani, wasu Abijan, wasu Aljeriya, wasu Kamaru. Bawa ya yi ta shela ga katangu da awaki, har ɗansa Usama ya aiko masa da salula daga Abijan, ya buɗe masa gurup a Watsaf, ya sa masa suna Labarin Gida. Bawa bai iya karatun boko ba, amma danna hoton makirfo a yi magana ba ya bukatar lakkwal, wato makaranta. Akwai wani tudu bayan masallaci inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa. Nan ya mayar ofishinsa, da tabarma da buta.

Gaskiya gurup ɗin ya yi amfani, ba zan ci haƙƙinsa ba. Rahila mai ƙosai da shi take sanin inda za ta kai kaskonta gobe. 'Yan kabu-kabu na Tama ba sa ƙara zaman jiran fasinja a banza, suna jin akwai suna a wani ƙauye sai su yi can. Masu lalle, makaɗa, masu hayar tabarmi da kujeru, har daga Buza da Madawa suka riƙa roƙon a sa su. 'Yan biɗa kuwa su suka fi kowa manne masa. Mutum yana tura baro a kasuwar wata ƙasa, ya ji Bawa yana kiran sunan gidansu, ya san ba a manta da su ba. Wannan ya sa Bawa ba ya hana kowa shiga. Ko wace lamba ta yi sallama da irin Hausarmu, ya buɗe mata ƙofa. 'Yan biɗa suna canza lamba duk ƙasar da suka shiga, wa zai tsaya tantance su?

Ina tsokanarsa, in ce, "Bawa, da kana kira gari ɗaya shi ji, yanzu ka samu duniya. Allah shi jiƙan kunnuwanmu."

Ya ce, "Ke dai Jaratu hassada ka cin ki. Ran da kin mutu, ni ka shela, kuma sai na ƙara miki shekaru."

Abin ya fara ne a kakar da ta gabata, bayan an saki gonaki dabbobi suna kiwon kara. Ranar wani suna a Tama, Bawa ya kira gidaje kamar kullum, har da Iliyasu da ƙannensa, ya faɗi cewa za a tashi bayan sallar asuba. Suka tafi. Suka dawo da azahar suka tarar babu shanun huɗar Iliyasu. Da rana tsaka aka kwance su daga turke a bayan gari, ba wanda ya ji komai sai wata tsohuwa da ta ce ta ji ƙarar babura ta ɗauka 'yan suna ne. Aka ce ƙaddara. Ba a jima ba aka yi kokawa a Buza, Bawa ya yi shela mai daɗi, ya jero duk wanda ya kama wuri a mota, har da Arzika mai tumaki. A ranar aka kora tumakin Arzika, garke guda, daga bakin fadama.

Indo, matar Bawa, ita ta fara haɗa abin. Mace ce da ba ta da yawan magana, ga dalili kuwa, miji bai bar mata ba. Ta zo gidana da hantsi ina ɓarar gyaɗa, ta zauna ta taya ni, can ta ce a hankali, "Akwai wani mutum cikin salula tai. Kullum in ya gama shela, shi ka hwara amsawa."

Na sa ta ɗauko salular ranar da Bawa ya bar ta a caji. Lamba ce ba hoto, ba suna. Muka saurari saƙonninsa. Murya ce ta babban mutum, mai sanyi, ba gaggawa, Hausarsa tamu ce tsaf. Ba ya gardama, ba ya raha, ba ya tura hotuna irin na samari. Tambaya kawai yake yi cikin ladabi. "Sanƙira, gidan Iliyasu su duka za su tai?" Ko kuma, "Da wane lokaci aka komowa?" Bawa kuwa, da ya ga an ba shi girma, sai ya zage ya yi bayani har da wanda ba a tambaya ba. Daga nan mutumin ya rufe da addu'a ɗaya, ko yaushe ita ce, "Allah shi kai ku lahiya." Na ji addu'ar nan a bakin mutane tun ina goye, amma ban taɓa jin tsoronta ba sai ranar.

Na tare Bawa a kan tudunsa. Da fari ya yi dariya, ya ce mata ba su rasa abin tsoro. Na ce ya kira lambar. Ya kira, ba ta shiga. Na ce ya tambayi gurup ko wa ya san mai ita. Ya tambaya, aka yi shiru, sai wani yaro daga Aljeriya ya ce wataƙila ɗan wajen Keita ne. Na ga fuskar taubashina ta canza, ya daina wasa da carbinsa.

Ya cire lambar. Kafin kasuwar Tama ta zagayo, wata sabuwa ta shigo, ba hoto, ba suna, ta yi sallama. Muryar ce dai. Bai yi ƙorafin an fitar da shi ba, bai ma ambaci zancen ba. Ya gaida sanƙira, ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi Indo da sunanta.

Na ce wa Bawa ya tara mutane a ƙofar mai gari ya faɗa musu. Na ce ya je wurin jandarmomi.

Ya ce, "In ce musu mi? Wani mutum shina yi muna addu'a?"

"To hwaɗa ma gari."

"In na hwaɗi, Iliyasu shi ce bakina yac ci shanu nai. Arzika ma haka. Wa ka sake ba ni shela? Aikin ubana da kakana shi mutu a hannuna?"

Na ji haushinsa ƙwarai, na kuma ji tausayinsa, don na san ba ƙarya ya yi ba. Haka mutanenmu suke. Na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba sai ya shirya, ya kuwa rage shela, ya riƙa cewa maƙogwaro ke damunsa. Ya rame. Indo ta ce tuwo ma sai ta tsaya a kansa yake ci.

Sai ga Usama ya dawo daga Abijan da maganar aure. Yarinyar 'yar Garhanga ce, Nasiba, sun daidaita tun kafin ya tafi. Ɗaurin aure a garin amarya ake yi, mazan garin ango su ke tafiya. Wannan shela babu maƙogwaron da zai hana ta. Sanƙira ya yi wa kowa, ya ƙi yi wa ɗansa?

A nan sai na gabatar da Sidi. Makiyayi ne, yana noma kaɗan, yana jin Fulatanci da Hausa daidai. Tun suna samari yake sauke shanunsa a gonar Bawa kowace kaka, shanu su ci kara su bar taki, Bawa ya ba shi gero, Mardiya matar Sidi ta kawo wa Indo nono. Gonar tana bayan dutse, ba a hango ta daga gari. Abotarsu ta wuce ta taki da gero. Ranar sunan Usama, Sidi ne ya ba da ragon. Dukiyarsa duka shanun nan ne, wasu ya gada, wasu ya raina da hannunsa, ko wace saniya da sunanta. Sauran mutanen gari, bayan abin da ya sami Iliyasu da Arzika, sun shigo da dabbobinsu cikin gida. Garken Sidi ba ya shiga gida. Shi kaɗai ya rage a fili.

Bawa ya yi dabara irin tasa. Ya hau tudu da la'asar, ya gyara murya, ya yi shelar da ban taɓa jin ya yi mai kyanta ba. Ya faɗi rana, ya faɗi cewa kamiyo, babbar motar da za ta kwashi jama'a, zai tashi da sassafe. Ya kira gari gida-gida, bai bar ko mai kwana a zaure ba. Da ya zo kan Sidi sai ya wuce. Nufinsa mai sanyin murya ya ɗauka Sidi da 'ya'yansa maza biyu suna nan tare da shanu. Nufinsa kuma da safe ya taka har ruga ya gayyace shi baki da baki, ya roƙe shi ya bar yaran.

Ya manta Sidi ma yana da salula, kuma rezo na kamawa a gonar fiye da cikin gari.

Ba a kira magariba ba saƙon Sidi ya shigo gurup. Ina zaune gidan Bawa muna tsince shinkafar biki muka ji shi. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗaga murya. Ya ce, "Jama'a, Sidi na. Na ji shelar sanƙira, na saurara har ƙarshe, na koma na sake saurare. Wataƙila tsuhwa ta kama shi. To ina tuna mai. Ɗan da za a ɗaura ma aure, ni nib ba da rago ran suna nai. Ko an kira ni ko ba a kira ni ba, za ni Garhanga, ni da ɗiyana maza su biyu. Mardiya tana gidan biki wurin tuwo. Shanu an saki gonaki, su yi kiwon kansu wuni ɗaya. Kowa shi ji."

Bawa yana tsaye riƙe da salula. Saƙonni suka fara shigowa, wasu na dariya, wasu na ba Sidi haƙuri, wani daga Kamaru ya ce sanƙira ya ci amanar nono. Sannan muryar nan ta shigo, gajera, mai sanyi. "Madalla, Sidi. Zumunci ya hi komi. Allah shi kai ku lahiya."

Washegari da hantsi Bawa ya tafi ruga, na bi shi, don na san shi kaɗai zai ɓata zancen. Muka tarar Sidi yana ɗaure maruƙa a dangwali, doguwar igiyar nan da ake jera su a kai. Ya amsa sallama, ya shimfiɗa mana tabarma, bai zauna ba. Bawa ya faɗi komai, abin da ya ɓoye wa gari duka, tun daga shanun Iliyasu. Ya kunna masa muryar. Na sa baki na ce gaskiya ne, ni shaida ce.

Sidi ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Bawa, jiya ka tsallake sunana gaban duniya. Yau ka zaka da labarin ɓarayi don in zamna gida. In kunya kaka ji surukanka na Garhanga su gan ka da mai warin shanu, hwaɗi kai tsaye."

Bawa ya rantse. Ya ce ko ɗa ɗaya Sidi ya bari wurin shanu.

"Na riga na hwaɗi gaban jama'a, mu uku. Mutanen Abijan sun ji. In na bar ɗaya, a ce Sidi ya yi magana biyu." Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "Maruƙa na nan ɗaure. Saniya ba ta nisa da ɗanta."

A hanyar komawa Bawa ya bi gidaje yana neman wanda zai zauna gadi. Bai samu ba. Kowa ya ce an kira sunansa, yaya za a yi a neme shi a Garhanga a rasa? Shi da bakinsa ya kwashe mazan garin, bai bar ko ɗaya ba. Na ce shi ya zauna. Ya dube ni, ni ma na san maganar banza na yi. Uban ango ne, sanƙira ne, shi zai tsaya bayan liman ya sanar an ɗaura.

Ranar biki kamiyo ya tashi da sassafe, maza cike har kan ƙarfe, Sidi a gaba cikin rawani sabo, bai dubi inda Bawa yake ba. Gari ya rage mu mata da tsofaffin da ba sa iya hawa mota. Muka ɗora tukwane. Mardiya ta zo da ƙwaryar nono, tana fara'a, ta kama tuƙin tuwo. Ni kuwa hannuna na aiki, kunnena na bayan dutse. Duk zakaran da ya yi cara sai in ɗago kai.

Rana ta ɗaga sosai sannan na ji. Ƙarar babura ce, ba ɗaya ba, can nesa, ba kan hanyar Tama ba, ta wajen fadama. Ta yi ta yi, ta mutu. Indo ta ɗago ta dube ni. Wata ta ce 'yan kabu-kabu ne suka biyo ƙanshin shinkafa, aka yi dariya. Na ajiye muciya na fita bayan gida na kira Bawa. Ba ta shiga. Tsakanin duwatsun hanyar Keita, wadda ake bi zuwa Garhanga, babu rezo, kowa ya sani, mai sanyin murya ma ya sani. Na kira Usama, na kira duk wanda nake da lambarsa. Can ƙarar ta sake tashi, wannan karon da wata ƙara a ƙarƙashinta, ta kofatai masu yawa ana kora su da sauri.

Mardiya ta saki muciya cikin tukunya. Ba ta tambayi kowa komai ba, ta fita da gudu ba mayafi, ni da Indo muka bi ta. Tun kafin mu zagaya dutsen muka ji kukan maruƙa. Suna nan jere a dangwali yadda Sidi ya ɗaure su, suna ja, suna kuka, duk sun juya fuska gefe ɗaya, wajen kudu. Gonar babu komai sai kara da sawun taya da kashin shanu da bai ko bushe ba. Mardiya ta durƙusa ta rungume wuyan ƙaramin cikinsu. Na tsaya ina kallo, ban san ko wa zan fara zagi ba.

Maza suka dawo da la'asar da oda da kiɗa, an ɗaura lafiya. Labari ya tare su a bakin gari. Samari suka hau babura suka bi sawu, amma kowa ya san tazarar ta yi yawa. Sauran jama'a suka ɗunguma gona. Sidi ya sauka daga mota, ya taka a hankali har bakin dangwali, ya bi maruƙan ɗaya bayan ɗaya yana shafa kansu. Bawa yana bayansa, babbar rigarsa ta biki tana jan ƙasa. Ban taɓa ganin taubashina ya rasa magana ba sai ranar, kuma ban ji daɗin gani ba.

A garinmu in dabba ta ɓace, sanƙira ke cigiya, ya faɗi kamarta da sunan mai ita. Sidi ya juyo. Idonsa ya yi ja amma muryarsa ba ta rawa.

Ya ce, "Sanƙira, hiddo salula. Yi cigiya."

Bawa ya ce, "Sidi, shi ma shina ji."

"Na sani. Shi ji." Ya matso kusa, ya ɗora hannu kan maraƙin farko. "Ni ka hwaɗa ma sunan uwar kowane, kai kana maimaitawa. Wanga karon kada ka tsallake ko ɗaya."

Bawa ya danna makirfo. Sidi ya faɗi suna, ya faɗi launi da yanayin ƙaho, Bawa ya maimaita, su matsa kan maraƙi na gaba. Haka suka bi igiyar nan tun daga wannan bakin har wancan, jama'a na tsaye, tuwon biki na hucewa a gida. Bai tsallake ko ɗaya ba.